Kimba Mai Guduma, Wanda Ya Hana Makarar Zongo Aiki

Idan aka sallame sallar asuba a masallacinmu na Zongo, kowa yakan tsaya a gaisa, a tambayi kwanan iyali. Shi kuwa Malam Kimba, dogon Bazabarmen nan mai furfura, da ya shafa addu'a sai ya fito ya ɗaga kai, ya yi ta kallon gajimare kamar mai bitar allo. Daga nan ya sha kokonsa a tsaye, ya ɗaure gudumarsa a bayan keke, ya nufi tashar jirgin ƙasa ta Lome. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Watan jiya aka sallame shi ya huta, ba ganga ba tambari, ba a ko ambaci sunansa a rediyo ba. To, yabon gwani ya zama dole, ko da a makare ne.

Kimba shi ne shugaban ayarin agaji na layin dogo. In jirgi ya kauce, ko ruwa ya ci hanya, shi ake nema. Amma wanda ya san shi ya san rabin aikinsa kafin ɓarna yake yinsa. Kullum maganarsa ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin kowace damina sai ya bi layin arewa, wani wuri a kan 'yar kurar da ake turawa bisa dogo, wani wuri a ƙafa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma yana kasa kunne. Duk inda ƙasa ba ta kwanta masa ba, sai ya sa a jibge katako da igiya da jek na ɗaga tarago kusa da wurin. A jikin kowane kwalbati ya ja jan layi da fenti. Sannan ya nemi wanda ke zaune kusa, ko manomi ne ko mai talla, ya ba shi jan ƙyalle, ya ce ran da ruwa ya taɓa jan layin nan a ɗaga ƙyallen a tsayar da jirgi, ko wa ke ciki, laifin yana wuyan Kimba.

Mu mutanen Zongo ba mu raga masa ba, gara a faɗa. Wata shekara ya je wurin limaminmu, Malam Salahu, ya roƙi aron makarar masallaci, wai mutanensa za su koyi ɗaukar wanda ya ji ciwo ba tare da sun ƙara masa ba. Liman ya ba shi. Ai kuwa da hantsi sai ga ƙatti huɗu a filin bayan masallaci suna sassarfa da makara, ga wani lafiyayye kwance a kai yana dariya. Unguwa ta ɗauka. Mata suka janye 'ya'yansu cikin gida, dattawa suka yi cincirindo a zauren Liman. Aka ce mugun fata ne, aka ce mai ɗora rayayye a makara kiran mutuwa yake yi, aka ce dama aikin nasara ya taɓa masa kai. Liman ya ga abin zai zama rigima, ya aika a dawo da ita.

Kimba ya kawo ta da kansa, ya jingine ta inda take, ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, so nake su iya ɗaukar mai rai, don kada a zo ana ɗaukar gawa."

Ya je ya sari gora, ya ɗinka buhuna, ya yi nasa gadajen ɗaukar mutane. Daga ranar aka laƙa masa Kimba Mai Makara, har wasu in sun hango shi sai su canza hanya. Bai taɓa tanka wa kowa ba.

Rana ba ta ƙarya. Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo cikin ƙaramar damina, wato ruwan da kan dawo mana bayan babbar damina, saura kwana huɗu a yi layya, jirgi ya taso daga Blitta maƙil da jama'a. Fataken ragunanmu na Zongo suna ciki, da mata masu kayan miya, da tsofaffi masu zuwa Sallah wurin 'ya'yansu. Gaba da Tsevie akwai wata 'yar tasha, kusa da ita akwai kwalbatin da ma'aikata ke kira Kwalbatin Tsamiya. Can wata dattijuwa mai koko take, Hasanatu, wadda Kimba ya ba jan ƙyalle shekara shida da suka wuce, tana ajiye da shi cikin kwallarta. Da safe ta je ɗiban ruwa ta tarar ruwa ya shanye jan layin nan. Ta ɗaura ƙyalle a sanda, ta tsaya tsakiyar dogo, ta sa mai tasha ya buga waya Lome.

Direban jirgin, Tchakoura, ya ga ja ya tsaya. Sai dai kafin azahar ruwa ya janye, dogo yana nan shimfiɗe sumul kamar ba abin da ya same shi. Rana ta buɗe, raguna suna haki cikin tarago, fatake suka yi wa Tchakoura caa. Suka ce tun yaushe mai koko ta zama injiniya, suka ce in raguna suka mutu shi zai tsaya gaban masu layya. Shi ma ya leƙa bai ga komai ba, har ya hau ya busa usur.

Daidai nan Kimba ya iso ta ɓangaren Lome da mutanensa. Ya tako kan kwalbatin shi kaɗai, a hankali, yana buga guduma. Wurin da ya kamata ƙarfe ya amsa da kauri, sai ya amsa kamar an bugi ƙwarya. Ya ƙarasa gaban injin, ya shimfiɗa rawaninsa a kan dogo, ya zauna.

Tchakoura ya leƙo ya ce, "Baba Kimba, tashi mana. Jama'a za su cinye ni."

Kimba ya ce, "Ɗana, in ka wuce, ta kaina za ka fara. Ba ni rabin sa'a, gani ya kori ji."

Akwai taragon tsakuwa da shi ya sa aka ajiye a layin gefe na tashar tun farkon damina. Ya sa aka turo shi, aka sake shi ya gangara shi kaɗai. Kowa yana kallo. Taragon ya hau kwalbati, ya kai tsakiya, sai ƙasa ta buɗe baki. Ashe ruwa ya rarake ƙarƙashinsa kaf, dogo ne kawai ke rataye. Taragon ya nutse da kai, ƙafafunsa na baya suna juyawa a sama. Wani daga cikin fataken da suka fi kowa ɗaga murya ya dafe kai yana salati.

Kimba bai tsaya jiran a ba shi haƙuri ba. Katako yana nan kusa, igiya tana nan, kowa cikin ayarinsa ya san abin da zai kama. Tsarinsa ɗaya ne: mutane tukuna, sannan dabba, sannan kaya, dogo a ƙarshe. Aka yi 'yar gadar ƙafa, aka ja igiya ta riƙewa. Tsofaffi da wata mai tsohon ciki aka haye da su a kan gadajen goran nan da muka yi wa dariya, ba wanda ko gurɗewa ya yi. Jirgin da ya nema tun kafin ya baro Lome yana jira a ɗaya ɓangaren. Kafin magariba kowa ya kama hanyar gida. A rana ta uku layi ya buɗe, raguna kuwa da su muka yi layya.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, Malam Salahu ya kamo hannun Kimba gaban dattawan nan da suka cika masa zaure. Bai yi wa'azi ba. Ya nuna jikin bangon masallaci ya ce, "Makara ɗaya gare mu a Zongo. Ranar nan da ba ta ishe mu ba."

Malam Kimba, kai ne ka sha zagi ka haɗiye, ka bar aiki ya rama maka. Kai ne ka ɗauki maganar mai koko da nauyin da ta cancanta. Mai guduma, mai jin abin da ƙasa ke ɓoyewa. Akwai samari a unguwar nan da ke kiran wasu Baba da Inna, ba su san albarkacin zamanka a kan dogo suke ci ba. Mun gode. Allah Ya saka, Ya ba ka hutu mai daɗi, Ya yafe mana abin da bakinmu ya faɗa.

Ku kuma masu tasowa, tawakkali ba sakaci ba ne. Kowa yana da kwalbatinsa, ko direba ne, ko mai shago, ko uwar gida. Ku je ku ƙwanƙwasa tun rana tana sama.

Har yau in an sallame asuba Kimba yakan fito ya dubi gajimare, ko da yake ba inda za shi. Makarar tana nan jingine a bayansa. Yanzu ba mai canza hanya, layi ake yi a gaishe shi.