Anti Memuna ta rasu a cikin motarta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina wurin aiki, ina haɗa wa tsohuwar da nake kula da ita karin kumallo, wayata ta yi ƙara. Malam Yakubu ne, mai shagon kayan abincin nan na Gate City Boulevard. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Maman Amira, Anti Memuna ta cika."

Na ce wace Memuna? Alhali Memuna ɗaya na sani a duk Greensboro.

Ya ce ya zo buɗe shago, ya ga motarta a inda ta saba fakin a bayan ginin. Ya ƙwanƙwasa gilashi don ta shigo ta yi alwala ta sha shayi kamar kullum. Ba ta motsa ba.

A cikin mota, jama'a. A kujerar direba, da zane a lulluɓe.

Ba a faɗa mana abin da ya yi ajalinta ba tukuna, don haka don Allah kada kowa ya ƙirƙiro nasa labarin. Abin da na sani shi ne kun ga irin zafin da ake yi a satin nan, kuma a wannan motar take kwana tun watan azumi.

Tun da rana ta ɗaga nake ganin hotonta a istatus ɗin mutane. "Uwarmu." "Mace mai kirki." "Ba za mu taɓa mantawa da ke ba." Wasu daga cikin masu saka hoton, idan suka hango ta a fakin ɗin masallaci, sai su maƙala waya a kunne kamar ana kiran su.

Ga wanda bai san ta ba, Anti Memuna 'yar zangon Kumasi ce. Ta fi shekara ashirin a garin nan. Ta yi aikin gyaran ɗakuna a otal har gwiwarta ta gaza, sannan ta koma ɗinki. Rabin kayan sallar da matan garin nan suka sa suka ɗauki hoto, daga kekenta suka fito.

Ita ta koya mini tuƙi. Lokacin ina sabuwar zuwa daga Kaduna, ko hanyar kanti ban sani ba. Duk Lahadi sai ta zo ta ɗauke ni mu je wani fakin da babu kowa. Ranar da na hau kan dakali na fasa mata taya, na zauna ina kuka, ita kuwa dariya take har da riƙe ciki. Ta ce, "Ƙanwata, taya ce ta fashe, ba ke ba. Fito mu canza."

Da na haifi Amira, mahaifiyata ba ta samu biza ba. Anti Memuna ce ta zo ta yi mini sati biyu, ta dafa ruwan wanka, ta dama kunu, ta wanke kayan jaririya da hannunta don ta ce injin wanki ba ya fitar da su yadda take so. Ban roƙe ta ba. Ji kawai ta yi na haihu, ta zo da jakarta.

Kuma tana da ciwon baifola. Zan faɗa da sunansa, don ita ma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ciwo ne da ke ɗaga mutum sama har ya kasa barci ya kasa tsayawa wuri ɗaya, daga baya ya jefar da shi ƙasa har tashi daga gado ya gagare shi. Ita "hawa da sauka" take ce masa. Tana da likita, tana shan magani, kuma shekaru da yawa tana zaune lafiya lau a afatmen ɗinta na haya, ita kaɗai, tsaf-tsaf, da tukwanen barkono a baranda.

Shekara biyu da suka wuce aka canza mata magani, hawan ya zo mata da ƙarfi. Ta yi kwanaki ba barci. Ta dafa shinkafa da wake tukunya-tukunya tana bin ƙofofin maƙwabta tana bugawa sai sun karɓa. Ta fito da kujerunta kan ciyawa ta ce sadaka ce. Da manajan gidan ta zo yi mata magana, ta ɗaga mata murya. Aka kira 'yan sanda, aka wuce da ita asibiti.

Ba ta daki kowa ba, ba ta fasa kayan kowa ba. Abinci ta raba, ta yi surutu.

Tana kwance a asibiti aka manna mata notis a ƙofa cewa ta karya yarjejeniyar haya. Aka sa ranar kotu, ba ta je ba, don ba ta ma san an sa ba. Da aka sallame ta, hankalinta ya dawo daidai, ta tarar an riga an yanke hukunci.

Daga ranar wannan korar ta manne wa sunanta. Duk afatmen ɗin da ta cike fom, sai su duba kwamfuta su ga an taɓa korar ta, su ce za su kira. Ni na raka ta wurare da dama, har na haddace irin murmushin da suke yi idan sun gama dubawa.

Muka je ofishin gidajen gwamnati, aka ce layin jira a rufe yake. Da aka buɗe na 'yan kwanaki, ta zauna a laburare ta cike komai. Watanni suka wuce shiru. Da muka koma tambaya, aka ce ai an aika mata wasiƙa ba ta amsa ba, an cire sunanta. Ina aka aika wasiƙar? Gidan da aka kore ta.

Matar da ke bayan teburin ta ce tana ba mu haƙuri, haka tsarin yake.

Wani wurin na masu yara ne, ita ba ta da yara. Wani na tsofaffi ne, shekarunta ba su kai ba. Wani kuma suka ce ta kawo takardar shaidar cewa ba ta da wurin kwana. Muna fitowa ta dube ni ta ce, "To wa zai sa mini hannu, sitiyari?" Muka yi dariya a bakin titi kamar ba mu ne aka wulaƙanta ba.

Ta gwada shelta, wato gidan kwanan marasa muhalli. Ɗaki ɗaya mutane da yawa, wannan na tari, wancan na waya, da safe kowa ya kwashi kayansa ya fita. Mai irin ciwonta kuwa barci shi ne rabin maganinsa, likitanta ya sha faɗa mata. Sati biyu ta yi a can aka sake kwantar da ita a asibiti. Suka daidaita ta, suka sallame ta da ledar magani, ta koma inda ba ta da ko durowar da za ta ajiye shi.

Haka aka yi ta yi. Akwai gadon asibiti idan ta rikice, amma babu ɗaki idan ta warke.

Amma ba Turawa da ofisoshinsu ne suka fi ba ni ƙyama yau ba. Mu ne.

Na kai maganarta gurup ɗin mata. Wata ta ce iska ce, a kai ta a yi mata ruƙiyya. Wata ta ce a haɗa ta da jirgi ta koma Kumasi, kamar kaya ce da aka yi odar ta ba ta yi daidai ba. Wata ta ce, "Ni fa ina da yara, ba na son abin da zai tsorata su." Yaran da Anti Memuna ta goya ranar sunansu.

Mijina ya je har Summerfield wurin wani Alhaji, ba zan kama suna ba, ya san kansa. Gida ne mai ɗakuna har da na saman gareji, babu kowa a ciki sai akwatuna. Mijina ya roƙa mata ɗaki ɗaya, Alhajin ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Amma ka san irin waɗannan, ba a san ranar da abin zai motsa ba." Ya rako mijina mota da robar ruwa.

Ɗazu na ga Alhajin ma ya saka hotonta.

Kada ku ɗauka na cire kaina. Ni ma ina ciki, kuma nawa ya fi ci mini rai.

Ta zauna a gidana sati biyar, a kan kujerar falo. Lokacin saukar ce ta same ta. Ba ta magana, ba ta son wanka, abinci sai na zauna na lallaɓa ta. Ina dawowa daga shif a gajiye in tarar da ita yadda na bar ta, fuskarta a jikin bango. Sai ga takarda daga manajan gidanmu cewa baƙo ya wuce kwanakin da aka yarda, ko ta tafi ko mu ma a ɗauki mataki a kanmu.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, da na karanta takardar nan, sanyi na ji a raina. Na samu hujjar da ba daga bakina ta fito ba.

Na miƙa mata. Ta karanta a hankali, ta ninke, ta ce, "Na gane, ƙanwata. Kin yi naki." Washegari kafin in dawo daga aiki ta wanke zanin gadon da ta yi amfani da shi, ta goge, ta ajiye a hannun kujera.

Ban je ofis na roƙi manajan ba. Ban tambaya ko za a iya ƙara sunanta a takardar haya ba. Ban gwada ba ma.

Mutum ɗaya da zan yaba a nan shi ne Malam Yakubu. Shi da iyalinsa a ɗaki biyu suke, ba shi da inda zai sa ta. Amma ya bar ta tana fakin a bayan shagonsa, ya ba ta banɗaki, ya ajiye mata maganinta a cikin shago don kada zafin mota ya lalata shi, duk safiya kuma sai ya tambaye ta, "Anti, an sha?" Abin da ya iya ke nan, kuma ya yi shi kullum.

Ganina da ita na ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ne, bayan la'asar, a wurin wankin kaya na kusa da shagon. Na shiga da kwandona na same ta tana ninke kayanta, kowanne a kan layi kamar na kanti. Lafiyarta ƙalau ranar. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura saboda kwanan zaune, amma idonta garau, har tana tsokanata wai na yi ƙiba.

Na ce, "Anti, ina keken ɗinki?"

Ta ce yana but ɗin mota, ta naɗe shi da bargo. "Shi ya fi ni samun wurin kwana."

Na ce mu je gida ta ci abinci. Ta ce a'a, kada manajanmu ya ga motarta ya sake rubuto mini takarda. Ta lura hannun rigata ya ɓarke, ta ciro allura da zare daga jakarta, ta ce in tsaya. A tsaye a jikina ta ɗinke shi, injinan wanki na ta juyawa.

Tana ɗinkin take cewa, "Ni fa ba babban gida nake nema ba. Ɗaki ɗaya, ƙofar da zan kulle, in san inda maganina yake. Sai mutum ɗaya da zai riƙa leƙo ni, idan ya ga na fara hawa ya kira likita, kada ya kira 'yan sanda. Shi ke nan fa."

Ta ciza zaren ta tsinke, ta ce in gaida Baban Amira.

Na ce zan kira ta ranar Lahadi. Ban kira ba.

Yau kafin azahar an gama shirya komai. An samu wurin kabari, an samu masu wanka, an samu motocin rakiya, kowa na rige-rigen a ga hannunsa. Allah ya ba da lada, ban raina ba. Amma ashe mun iya haɗuwa cikin awa huɗu idan mun ga dama. Shekara biyu baiwar Allah nan tana neman ɗaki a tsakaninmu.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Yanzu haka da nake rubutun nan na san wani ɗan'uwanmu mai irin ciwonta da ke yawo tsakanin motel da shelta. Kada wanda ya biyo ni inbok don jin sunansa. Idan kana da ɗaki, ko ka san mai gidan da zai duba mutum ba kwamfuta ba, ko za ka iya raka shi ofis ka zauna da shi a cike fom, ka yi mini magana. In ba haka ba ka bar ni da abin da nake ji.

Za a sanar da lokacin jana'iza a gurup da zarar an ba mu gawar.

Ya Allah, ga baiwarka Memuna ta zo gare ka a gajiye. Ka gafarta mata, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka yalwata mata kabarinta ka sanyaya shi, ka ba ta masauki a Aljanna Firdausi. Ka ba 'yan'uwanta na Kumasi haƙuri. Mu kuma da muka gani muka kau da kai, ka yafe mana, ka hana mu maimaitawa.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya ajiye wayar minti ɗaya ya yi mata addu'a da sunanta, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Ni ma ku sa ni a ciki, ina bukata.