Kwaɓin Alkaki a Ƙarƙashin Tebur

Shekarar da aka rufe projen da maigidana yake yi wa aiki, albashina kaɗai ya rage a gidan. Ni ma'aikaciyar lissafi ce a wani biro a unguwar Filato, nan Yamai, kuma duk wanda ya san albashi ya san gajeren mayafi ne, ka rufe kai ƙafa ta fito. Ga kuɗin hayar gidanmu a unguwar Lazare, ga yara a lakol, babbarsu tana shirin jarrabawar fita lise, wato sakandare. Maigida ya yi ta yawo da dosiyen takardun neman aiki daga wannan ƙofa zuwa waccan har takalminsa ya cinye. Daga baya ya daina fita, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, shi da rediyonsa.

Wata rana bayan la'asar ya ce mini ya yanke shawara. In lakol ta tashi babban hutu za mu tattara mu koma Damagaram, gidan mahaifinsa. Ni kuma in nemi a maida aikina can, in ba a yarda ba in ajiye. Maganar ta soke ni har cikin ƙashi. Shekara da shekaru na yi ina hawa matakalar biron nan kafin a ba ni tebur nawa na kaina, ban ga yadda zan sauka in je in zauna ina jiran a auno mini hatsi ba.

Na ce masa zan fara yin alkaki ina sayarwa.

Ya rage muryar rediyo ya dube ni. "Alkaki? Matata, ma'aikaciya, da sayar da alkaki? Mi mutane za su ce? Su ce na kasa."

"Malam, ba talla zan ɗauka a kai ba. Na buki zan riƙa yi, ga wanda ya sa a yi mishi."

"Ga biro, ga kasko. Taura biyu ba ta taunuwa."

"Bari in gwada haƙorana."

Can ya ce in gwada sau ɗaya. In abin ya yi, to. In aka ji kunya, an rufe maganar, sai shirin tafiya.

Mu ƴan Damagaram alkaki ba baƙonmu ba ne. Tun ina ƙarama nake tsugunawa gefen Inna ina kallon yadda take murza ɓarzajjiyar alkama da mai, ta kwaɓa da ɗan nono, ta rufe ta bar shi ya yi tsami. In ya kai, ta zuba ruwan kanwa ta kashe tsamin, ta kirɓa, ta naɗa, ta soya da sanyin wuta, sannan ta tsoma cikin dafaffen sukari. Duk wahalar aikin tana wurin tsamin nan. In bai kai ba alkaki ya fito kamar tsakuwa, in ya wuce ya watse cikin mai. Agogo ba ya faɗa maka lokacinsa, hanci da ido ne suke faɗa.

Allah ya kawo mini wata Hajiya ƴar Maraɗi mai shagon atamfa a kasuwar Wadata. Za ta aurar da ƴarta, tana son alkakin gara, wato kayan daɗin da dangin amarya suke kai wa gidan ango. Ranar Juma'a da yamma take so. Matar da ta haɗa mu ta ja ni gefe ta ce, "Ki yi hankali, bakin Hajiya ya fi gidan rediyo. In ta yaba ki, kin gama neman kasuwa. In ta kushe ki, ko kyauta ba mai karɓa." Na ce na ji. Na sayo alkama daidai abin da aljihuna ya iya, da ɗan ragowa don ko-ta-kwana.

Bazara ce, irin ta Yamai da ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu. A wannan zafi kwaɓi ba ya jira. In na kwaɓa da yamma, kafin gari ya waye ya wuce. In na kwaɓa da asuba, zai kai da rana tsaka, lokacin da nake biro. Abin da ake bukata shi ne mutum a gida da zai riƙa leƙawa, in ya kai ya zuba kanwa, kwaɓin ya tsaya ya jira ni har in sauka daga aiki. Yara suna lakol. Inna tana Damagaram. Mutum ɗaya ne yake yini a gidan, shi ne na kan tabarma.

Ko a mafarki ban yi tunanin roƙonsa ba. A inda muka fito, namiji ba ya buɗe kwanon kwaɓi. Balle mutumin da ya rasa aikinsa, matarsa tana fita da jaka shi yana zaune. In na ce masa, "Malam, duba mini kwaɓi," kamar na ce masa ne ga zane ɗaura. Gara in ɗauki kwanon a kaina in zagaya gari da shi.

Kusan hakan na yi. Ranar Laraba na kwaɓa bayan sallar asuba, na rufe babban kwano da ƙyalle, na ɗaure, na sa kwalbar ruwan kanwa cikin jaka, na tari taksi. Direban, wani Bazabarme, ya dubi kwanon ya dubi kayan jikina, ya ce, "Madam, Filato ko kasuwa?" Na ce Filato, ya ja mota. A biro na tura kwanon ƙarƙashin tebur, na rufe shi da ƙafafuna. Abokiyar aikina da muke ɗaki ɗaya ta ce, "Yau kuma wa aka haifa?" Na ce ta ji da takardunta.

Ina jin kaina mai dabara. Abin da ban lissafa ba, ni mai lissafi, shi ne klim, na'urar sanyaya ɗaki. Ɗakinmu sanyi ne kamar cikin firigo, don abokiyar tawa ba ta yarda a rage shi, wai zafi yana tayar mata da hawan jini. Kuran, wato wutar lantarki, da yake yankewa kullum a bazara, ranar ko ƙiftawa bai yi ba. Na yi ta sunkuyawa kamar mai neman alƙalami, ina ɗaga ƙyalle ina shinshinawa. Kwaɓi yana kwance abinsa, sanyi ƙalau, yadda na zo da shi. Har aka sauka daga aiki bai motsa ba.

A gida na gutsuri kaɗan na soya don gwaji. Ƙaramin ɗana ya ciza, ya riƙe muƙamuƙi, ya ajiye. Na ce bari in bar sauran ya kwana ko ya farfaɗo. Ya farfaɗo kuwa, har ya wuce gona da iri. Da asuba na buɗe, tsami ya bugi hancina, kwaɓin ya saki ya zama ruwa-ruwa. Na tsaya a kansa raina yana tafasa, haushin klim, haushin abokiyar aikina da hawan jininta, haushin kaina. Maigida ya wuce ni zai tafi masallaci, ya ga komai, bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

Ragowar alkamar ita ce ta ƙarshe, kuma gobe Juma'a. Na share fuska na sake kwaɓawa. Wannan karon na ajiye kwanon a madafa, kwalbar kanwa a gefensa, da niyyar in roƙi shef, shugaban bironmu, izini da rana in ruga gida in zuba in dawo.

Ashe ƙarshen wata ya zo mini da nasa. Takardun albashin ma'aikata ba su kammala ba, shef ya leƙo tun da hantsi ya ce yau ba mai fita sai an gama. Na bi shi har ƙofa na ce ina da uzuri a gida. Ya ce, "Madam, kowa yana da gida." Na koma na zauna. Ina buga lambobi, zuciyata tana Lazare. Rana tana ƙara take, ina ganin kwaɓin a idona yana kumbura, yana tsagewa, yana wucewa, ni kuma ina nan cikin sanyi ba yadda zan yi. Na fara tunanin wace tukunya zan sayar, wace zan ɗaure a kai tasha. Amma na rantse a raina ko wannan ya lalace sai na je shagon Hajiya da ƙafata na faɗa mata, ba zan ɓuya ba.

Ana gab da kiran azahar wayata ta yi ƙara. Maigida ne. Ba ya kirana a wurin aiki sai da dalili. Na fita baranda.

"Ke," in ji shi, "kwaɓin nan naki ya fara tsagewa a sama, ƙamshin kuma ya juya. In aka ƙara mishi kaɗan zai wuce."

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Kina ji na? Ruwan kanwar nan na kwalba, duka ake zubawa ko rabi?"

"Malam, kai ka buɗe?"

"Kin manta ɗan wa nake? A gindin turmin alkaki aka yaye ni. Yi magana, kiredina zai ƙare."

Na ce rabi, kaɗan-kaɗan, yana zubawa yana juyawa da hannu har tsamin ya kwanta, sannan ya shafa mai a sama ya rufe. Don ruɗewa har na ƙara da cewa ya wanke hannu tukuna. Ya yi tsaki ya kashe waya.

Na jingina da bango na yi kuka, ni da ban yi ba ranar da aka rufe projensa, ban yi ba ranar da ya ce mu koma. Daɗi na ji, da tausayinsa, don na san abin da ya haɗiye kafin ya ɗaga ƙyallen nan. Na wanke fuska na koma kan takarduna.

Da na isa gida yana kan tabarmarsa da rediyo kamar ba abin da ya faru. Kwaɓin kuwa ya tsaya daidai inda ake so. Ni da babbar ƴata muka kirɓa, muka naɗa, muka soya. Na farko da na tsamo daga sukari na karya shi, ya buɗe sumul, zaƙin ya shiga har tsakiya.

Ranar Juma'a bayan an sauko na kai Wadata. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ciza, ta tauna a hankali tana kallona. Sai ta leƙa waje ta ƙwala wa maƙwabciyar shagonta kira, "Zo ki ɗanɗana, ke da kike da buki sati mai zuwa."

Na dawo gida na faɗa wa maigida an karɓa, har an sake sa ni wani. Ina tsaye ina jiran hukunci, tunda sau ɗaya ya ce. Ya yi ta murɗa rediyo yana neman tasha, bai ɗago kai ba.

"Na sati mai zuwa," in ji shi, "ki raba shi kwano biyu. Guda ɗaya yana yi mini nauyi wurin juyawa."

Na ce to, na shiga ɗaki neman kwano na biyu.