Abin da Kaka Nomau ya faɗa

Wata Alhamis ce, kwana biyu bayan ruwan shuka, a shekarar da nake aji uku a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, gabas da Waca. Mushe, malaminmu, ya sallame mu tun hantsi domin rabin ajin sun tafi gona. Na iske Inna ita kaɗai a gida tana surfe, ta miƙo mini ƙwaryar kunu ta ce in kai wa Kaka Nomau, mahaifin babana, wanda ya yi mako yana kwance. Ɗakinsa na can bayan rumbuna, shi kaɗai. Na tarar da shi a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, ƙudaje na bin bakinsa. Bai sha kunun ba. Ya kama hannuna ya yi 'yar magana, sa'an nan ya yi shiru. Na daɗe ina kore masa ƙuda da gefen zanena kafin in lura hannun da ke riƙe da ni ya saki.

Kaka shi ne mutum na ƙarshe a garinmu da ba ya salla. A bayan idonsa arne ake ce masa, ni kuma a filin lakwal in muka yi faɗa wajen carafke sai a ce mini jikar arne. Kowace shekara kafin a sa iri a ƙasa yakan ɗauki jan zakara ya tafi gindin tsamiyar da ke kan gonarmu, ya yanka a bisa wani baƙin dutse, ya kira Uwar Gona, ya kira iyayensa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya roƙe su gero. Babana kuwa, Malam Idi, ya yi karatu a ƙetaren iyaka ya dawo da littattafai a gafaka, ya hana mu cin naman zakaran nan ko da ƙafa ce. Gona ɗaya suke nomawa, kunya ɗaya suke bi da hauya, amma ban taɓa ganin hannunsu a akushi ɗaya ba.

Duk da haka Kaka ba ya musun Allah. In ladan ya yi kira Baba bai motsa ba, shi ke buga masa ƙyaure ya ce, "Idi, tashi, ana kiranka." Na taɓa tambayarsa me ya sa shi ba ya zuwa, muna zaune yana yi mini 'yar tsana da karan dawa. Ya ce, "Amaryata, Allah na can sama, ya fi ƙarfin ƙaramin mutum irina. Uwar Gona da iyayena, su ne a bakin gona." Shi ya koya mini gane gajimaren da ke ɗauke da ruwa da wanda iska ce kawai, da ganyen da ake ba akuya in ta ci rogo ta kumbura. Matan da mazansu ke zaginsa a dandali sukan ɓullo ta bayan danga da rana tsaka, da yaro a goye, su karɓi saiwa su koma ba su gai da kowa ba.

Kafin azahar zaurenmu ya cika. Liman ya zo, dattijo ne mai sanyin murya, shi ke koya mana karatun allo da yamma. Ya ce da Baba in dai tsohon ya yi kalmar shahada kafin ransa ya fita, ko sau ɗaya, to Musulmi ne, za a wanke shi a yi masa salla a kai shi maƙabarta. Sai aka tambaya wa ke wurin. Aka aiko a kira ni. Inna ta tare ni a bakin turmi, ta matse mini kafaɗa har na ji zafi, ta ce a hankali, "Rabi, ki ce ya yi."

Na durƙusa a ƙofar zaure. Baba na zaune kansa a sunkuye, ƙasar gona ba ta ma bushe a ƙafarsa ba. Liman ya ce, "'Yata, kada ki ji tsoro. Faɗi abin da kunnenki ya ji, Allah na ganinki." Shi da bakinsa ya sha gaya mana inda maƙaryaci zai kwana a lahira, ni kuma shekarata tara. Na ce, "Allah gafarta Malam, cewa ya yi a gaya wa Baba kada a shuka gonar tsamiya ba a ba Uwar Gona nata ba. Sai ya kira sunan babansa sau biyu."

Sai na ji ana jan takalma. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka fita, wasu ko kallon Baba ba su iya yi ba. Liman ne ya tashi a ƙarshe, ya dafa shi ya ce, "Malam Idi, ka yi haƙuri. Ka rufe mahaifinka, haƙƙinsa ne a kanka. Amma salla ba ta hannunmu."

Mutum uku suka rage: Baba, da ƙanensa, da wani tsohon mahauci da suka tashi tare da Kaka. Suka naɗe shi a tabarmarsa suka ɗora a amalanken jaki. Mata ba sa zuwa rufe gawa, amma na kora awaki na bi su daga nesa. Gonaki cike suke da masu shuka, amalanken na wucewa suna ci gaba da sara da sungumi kamar taki aka ɗauko. A gefen gonarmu, inda ƙaya ta yi iyaka, Baba ya haƙa ramin da kansa. Ba a yi zaman makoki ba. Tukunyar da Inna ta ɗora don masu gaisuwa mu muka cinye ta kwana biyu.

Baba bai buge ni ba, bai ma yi mini faɗa ba. Sunana kawai ya daina kira. In yana son ruwa sai ya ce, "A ce wa yarinyar nan," har aka yi girbi. Ya shuka gonar ba zakara, gero ya yi kamar na kowa, bai fi ba, bai gaza ba. Sai da na yi aure na haihu, yana jinyar da ta ɗauke shi, ya ce da ni, "Gaskiya kika faɗa, Rabi. Ni ne na zauna ina roƙon Allah ki yi ƙarya."

Yanzu a Magariya nake zaune, ina koyarwa. In na hau kabu-kabu na je ƙauye, masallatai uku nake tararwa, kowane da lasifikarsa, babu yaron da ya san an taɓa yin wani abu dabam a garin. Kabarin ya baje, wake ake shukawa a kai, ni kaɗai na san wurin. Ina salla, ba ni da shakka a kan addinina, 'ya'yana ma shi na koya musu. Amma in na ɗaga hannu ina jero mamatana, na yi wa Inna, na yi wa Baba, nakan zo kan Kaka in tsaya. Ban taɓa iya faɗin sunan ba, ban kuma taɓa iya tsallake shi da sauri ba.