Duwatsun Da Hajiyar Kumasi Ta Je Gani

A ƙarshen shekarun casa'in ina zaune a Guangzhou tare da maigidana, wanda yake karatun likitanci a can. Ni aure ne ya kai ni daga Kano. Da zaman ɗaki ya ishe ni sai na shiga ajin koyon Sinanci, kafin shekara ta zagayo bakina ya buɗe daidai ciniki da tambayar hanya. A lokacin baƙar fata ba su yi yawa a garin ba, mata kuwa sai ki wuni kina yawo ba ki ga ko ɗaya ba. Saboda haka duk 'yar kasuwar da ta sauka tana jin Hausa, ba a daɗewa ake kwatanta mata ƙofarmu.

Haka na san Hajiya. Daga zangon Kumasi take zuwa, tana sarin fulas da kwanukan samira da tangaran. Doguwa ce mai jiki, ta kusa sa'ar mahaifiyata, ba ta rabuwa da goro a cikin wani ɗan jiƙaƙƙen tsumma. Hausarta ta zango ce, namiji da mace duk kusan ɗaya ne a bakinta, na yi ta dariya a ɓoye kafin kunnena ya saba. Ni nake raka ta kasuwannin Liwan ina yi mata tafinta. Na lura tana yawan tuntuɓe da kwalaye, in za mu sauka daga bene kuma sai ta dafa kafaɗata, amma na ɗauka ciwon gwiwa ne irin na manya.

Akwai wani shagon fulas da ta fi zuwa. Mai shagon, wanda muke kira lawban, wato maigida da yarensu, bai cika magana ba. Matarsa ce mai bakin shagon, 'yar gajeruwa mai saurin dariya. A bangon shagon akwai kalanda mai hoton wani ruwa shuɗi kwance tsakanin duwatsu masu tsayin gaske, ƙanƙara a kawunansu, ga wani farin jirgin ruwa a tsakiya kamar ƙwayar shinkafa. Wata rana muna jira a ɗaure kaya, Hajiya ta tsaya gaban hoton nan ta daɗe.

"'Yata, tambaye su, nan ina ne a ƙasarsu? Ina son in je."

Na tambaya. Lawban ya girgiza kai ya ce, "Meyo," wato babu. Na matsa na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan hoton, ashe Norway ce, can ƙuryar Turai. Irin wurin nan ne da teku ke kutsawa tsakanin duwatsu, suna kiransa fiyod. Da na gaya wa Hajiya sai ta gyara mayafinta, ta ce, "To, ba rabona ba ne."

Matar lawban ta ga yadda fuskarta ta sauya, ta tambaye ni me ya faru. Da na yi mata bayani sai ta tafa hannu. Ta ce garinsu yana arewa da nan, bayan Lechang, su ma suna da kogi tsakanin duwatsu, kuma jirgin ƙasa ta bakinsa yake bi. Ta ce dama tana shirin zuwa duba tsohuwarta, in muna so mu biyo ta.

Na zaci Hajiya za ta yi godiya a bar maganar, don ban taɓa ganin ta ba da yini guda ga abin da ba kasuwa ba. Sai na ji ta ce, "Yaushe za mu tashi?"

Maigidana ya amince ba da son ransa ba, shi ya kai mu tasha da sassafe yana ta ja mini kunne a kan jaka. Jirgin koren fenti ne, kujerunsa masu tauri suna fuskantar juna, fanka tana juyi a rufi ba ta kawo komai. Kowa da kwalbar shayinsa, ana ta fasa 'ya'yan wata fulawa da haƙori ana zubar da ɓawon a ƙasa. Muna shiga hira ta tsaya cak. Ni kallon nan ya daɗe yana ƙona mini rai, Hajiya kuwa ko a jikinta. Ta zauna bakin taga, ta kwance tsummanta, ta ɓara goro ta miƙa wa wani tsoho da ke gabanta ya zuba mata ido. Ya karɓa da hannu biyu ya gatsa. Yadda fuskarsa ta yamutse sai da taragon gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Bai tofar ba, ya daure ya haɗiye, sannan ya ciro lemo daga jakarsa ya ba ta. Daga nan aka daina kallonmu kamar abin tsoro, aka koma tambayar matar lawban daga ina muke da abin da muke ci.

Mun bar hayaƙin gari muka shiga gonakin shinkafa, ruwa kwance a cikinsu, agwagi na iyo, manyan shanu masu kama da ɓauna suna tsaye cikin taɓo. Can gaba sai duwatsu suka fara fitowa ɗaiɗai daga tsakiyar fili, kowanne tsaye shi kaɗai kamar rumbu, bishiyoyi sun rufe shi har kai. Ni da na tashi ban san dutsen da ya wuce Dala da Gwauron Dutse ba, baki na saki.

Sai jirgi ya faɗa cikin ramin da aka huda a dutse. Duhu ya rufe mu, ƙara ta cika kunne. Hajiya ta damƙi hannuna tana salati. Da muka fito haske, kowa ya ci gaba da harkarsa, ita kuwa ba ta sake ni ba.

"Mun fito?" ta tambaya a hankali.

"Mun fito mana, Hajiya. Ba ki ga rana ba?"

Sai da ta ɗauki lokaci tana ƙifta ido kafin ta amsa. Ta ce wani likita a Kumasi ya gaya mata tana da hawan jinin ido, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Ta dunƙule hannunta ta bar 'yar kafa, ta kara a idona.

"Haka nake ganin duniya yanzu. Gabana kawai. Gefe ya tafi, kuma kafar kullum ƙara tsukewa take."

"'Ya'yanki sun sani?"

"In suka sani za su zaunar da ni a ɗaki su riƙa kawo mini koko. Tun ina goyo nake yawon kasuwa, Legas, Lome, Jidda, nan. Ban taɓa zuwa wani wuri don in kalle shi kawai ba. Duk inda na je, shago da masauki na sani."

Matar lawban ta dube mu tana son sanin abin da ake ciki. Na nemi izinin Hajiya da ido, na manta ba lallai ta ga alamar ba, sai na tambaye ta da baki. Ta ce in faɗa mata. Matar ta tashi ta je ta cika kwalbarta da ruwan zafi a ƙarshen tarago, ta dawo ta sa wa Hajiya a hannu, ta riƙe hannun na ɗan lokaci.

A Lechang muka sauya zuwa wani ƙaramin jirgi mai tafiyar hawainiya, wanda yake bin tsohuwar hanya ta bakin kogi. A nan ne duwatsun suka haɗe suka zama bango. Ta dama dutse ne har kamar za ka taɓa shi da hannu, ruwa na tsiyaya daga jikinsa. Ta hagu kuwa ƙasa ta yanke, can ƙasa kogi yana gudu yana kumfa a kan duwatsu. In jirgin ya sha kwana sai mu hango kansa yana shiga wani ramin alhali mu ba mu gama fita daga na baya ba. Na fara zuba wa Hajiya bayani, ga gada can, ga gida a manne da dutse, ga mai kamun kifi.

"Yi shiru, 'yata," ta ce. "Bari in nema da kaina. In na rasa zan tambaye ki."

Na yi shiru ina kallonta. Kanta gaba ɗaya take juyawa, a hankali, daga ruwa zuwa sama, sannan ta sauko. Sau da yawa kafin ta gama da dutse ɗaya rami ya haɗiye mu, in mun fito kuma sai ta jira idonta ya washe. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya.

Mun sauka a wata 'yar tasha da la'asar sakaliya. Mahaifiyar matar lawban tana jiranmu, ƙanƙanuwa, bayanta ya ranƙwafa. Ni tun a hanya abinci ne damuwata, don na san yadda naman alade yake shiga kusan kowace tukunya a ƙasar, na ma ƙunso mana biredi da dafaffen ƙwai. Muna shiga gidan tsohuwar ta ja mu madafa ta nuna mana sabon kasko fil, ko baƙin wuta bai taɓa shi ba. Ashe 'yarta ta aiko mata da saƙo tun kafin mu zo. A ciki ta soya mana kifin kogi da citta da ganye, a gabanmu, tana ɗaga kwalbar man gyaɗa tana nuna mana. Hajiya ta ci har ta nemi ƙari. Da muka tashi yin sallar magariba, tsohuwar ta kori kaji daga tsakar gida ta share mana wuri, ta koma gefe ta tsaya har muka sallame.

Washegari muka wayi gari hazo ya rufe komai, an kuma yi ruwa kafin asuba. Muka gangara bakin kogi, na ga ruwan ya zama ja kamar kunun kanwa, duwatsun kuwa ko gindinsu ba a gani sosai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar lawban ta shiga ba da haƙuri kamar ita ta kawo hazon.

Hajiya ta yi dariya. "Ku da kuke da ido ma yau mun zama ɗaya. Mu shiga."

Wani maƙwabcinsu mai kwalekwalen inji ya ɗauke mu, ya bi da mu inda ruwan ya fi kwanciya. Shigar da Hajiya sai da muka haɗu mu uku, tana ta faɗa da mu wai muna riƙe ta kamar buhun masara. Muka yi ta tafiya cikin fari fat, ba abin da ake ji sai injin. Da hantsi ya ɗaga, hazon ya soma yagewa daga sama. Kan wani dutse ya fara bayyana shi kaɗai, can inda ban zaci dutse zai kai ba, sannan wani a ɗaya gefen. Kafin wani lokaci muka gan mu a tsakiyar bango biyu, kore shar, ruwa na zubowa daga wata tsaga kamar farin zare.

Hajiya ta ce a kashe injin. Mai kwalekwale ya kashe, ya riƙe mu da gora kusa da gaɓa. Ta ɗaga kai har mayafinta ya zame, ta bi dutsen nan da kallo daga ƙasa har ƙoli, tana cewa, "Tabarakallah," tana maimaitawa. Hawaye na zubo mata ba ta share ba. Ni ma ban san lokacin da na toshe hanci na rangaɗa guɗa ba. Duwatsun suka dawo mana da ita, wannan ya miƙa wa wancan. Mai kwalekwale ya kusa sakin gorarsa. Matar lawban ta ce sai na koya mata, ta gwada, abin da ya fito ya fi kama da kukan zakara, muka yi ta dariya har kwalekwalen yana tangaɗi.

A hanyar komowa Hajiya barci ta yi ta yi, kanta a kafaɗata. Da muka iso na roƙe ta ta bari in gaya wa maigidana. Ta yi ta ja, daga baya ta yarda. Ya kai ta wajen wani malaminsu likitan ido, aka ba ta maganin ɗigawa, aka ce ba zai dawo da abin da ya tafi ba amma zai rage saurin tafiyar sauran. Kafin ta tashi, na raka ta ɗakin buga waya ta kira babbar 'yarta. Ina waje ina jiyo ta tana cewa, "Ba kuka na kira ki ki yi mini ba, saurara."

Ba ta sake zuwa Guangzhou ba. Bayan kamar shekara 'yar ce ta zo sarin kaya, ta nemo ƙofarmu da ƙullin goro da atamfa biyu, ɗaya tawa ɗaya ta tsohuwar nan ta bayan Lechang. Ta ce Hajiya tana nan da ƙarfinta, kullum tana zaune a bakin shago, ta murya take gane mutane yanzu, kuma ba wanda zai sayi fulas ya tafi bai ji labarin jirgin da ke shiga cikin dutse ba.

"Don Allah, Yaya, gaya mini gaskiya," in ji 'yar. "Wai da gaske duwatsun sun kai yadda take faɗa? Don kullum ƙara tsawo suke yi."

Na ce mata sun kai. Washegari na raka ta Liwan, muka ba matar lawban atamfar ta kai wa tsohuwarta.