Jif ɗin Kawu Sale da Ba Ta Karya Hagu

"Kai! Kai! Saki sitiyarin nan! Wa ya ce ka karya hagu?"

Ƙurrrr! Ai tayar gaba ta riga ta ci ƙarfe. Kawu Sale ya dafe ƙirji kamar shi aka karta. Ranar da ya fara ba ni tuƙin jif ɗinsa ke nan, na zo Daura hutu daga Kano, za mu Juma'a. Ga masallaci can hannun hagu, har ina hango masu shimfiɗa darduma.

"To Kawu, ta ina za mu bi?"

"Dama, dama, dama. Sau uku. Me ake koya muku ne a bokon?"

Wallahi sai da muka zagaye unguwa guda. Da ƙyar muka samu raka'a ɗaya. Ana sallamewa ya juyo ya ce, "Wanda ya samu raka'a ya samu Juma'a. Fenda kuwa in ta tafi, ta tafi."

'Yan gida kun san zancen, amma bari in warware wa amaren da aka shigo da su zauren nan kwanan nan. Wata damina jif ɗin ta kafe a yashi a hanyar gonarsa ta wajen Baure, sai da aka ɗauro mata shanun huɗa suka jawo ta, a gaban surukansa kuma. Tun daga ranar ya rantse ba za ta ƙara kafewa ba. Ya sa aka ɗaga motar sama, ya je shagon Oga Chinedu mai kayan gyara ya zaɓo tayoyi kamar na tarakta. Yashi dai ya bar shi, amma da ya karya hagu sai taya ta goga fenda, wato ƙarfen nan da ya rufe samanta.

Oga Chinedu ya gaya masa gaskiya tun a shago. "Alhaji, tayar nan ta fi ƙarfin motarka. Sai an yanke fenda, yatsa biyu kacal."

"Chinedu, in ka sayi babban takalmi, wando kake yankewa?"

"Ai naɗewa ake yi, Alhaji."

"To naɗe mata."

Shi ke nan aka shiga shekarun magani. Da farko man gyaɗar gonarsa ya riƙa shafa wa wurin da tsumma, wai santsi zai raba su faɗa. In mota ta ɗau zafi sai ka rantse ƙuli-ƙuli ake toyawa. Duk inda ya faka, awakin unguwa su yi layi suna lasar taya. Inna Hajara, matarsa, ta leƙo ta ce, "Malam, kiwo ka fara ba ka sanar da ni ba?"

Ya ce, "Wankin mota ne kyauta, Hajara. Ke dai ba a burge ki."

Da mai ya gaza, ya koma wajen makaniki a ƙara ɗaga ta. Aka ƙara. Ta ci gaba da ƙurrr. Aka sake ƙarawa, har ta kai sai ka yi bismilla ka kama ƙofa da hannu biyu kafin ka hau. Ranar bikin 'yar ƙanwar Inna a Zango, Kawu ya mirgino turmi ya kife a bakin ƙofar mota, ya ce ta taka. Inna ta dubi turmi, ta dube shi.

"Ni da jikoki, in hau turmi a bakin titi? Allah ya kiyaye hanya."

Ta tare ɗan acaba ta yi gaba. Ta ci tuwon biki, ta yi la'asar, sannan Kawu ya iso, don shataletale a wurinsa haramun ne, tunda hagu ake zagaya shi. Amma da aka tambaye shi hanya sai ya ce, "Lafiya lau, ko sau ɗaya ba ta goga ba."

Ni na taɓa ƙure shi. Na ce, "Kawu, don Allah yatsa biyu fa! Ko gani ba za a yi ba." Ban san me ya sa ranar bai yi min tsawa ba. Ya kama hannuna ya cusa ƙarƙashin fendar hagu, na ji ƙarfen duk gurbin guduma. Ya ce, "Motar marigayi Yaya Habu ce. Nan ya taɓa bugawa da bishiya, ya ƙi kai ta ko'ina, ya kwana uku yana miƙar da ita da hannunsa. Ina riƙe masa ƙarfen." Sai ya janye hannuna ya ce, "Kuma kai tuƙi ne ba ka iya ba."

Yau kwana arba'in da rasuwar Kawu. 'Ya'yansa sun haɗa baki sun ba ni motar kyauta, na kuma san ba don sun fi sona ba ne, babu mai iya ta ne. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da yayansa a Aljanna. Allah ya ba Inna haƙuri.

Yanzu haka ina garejin mai walda nake rubuto muku. Gobe zan koma Kano, kuma kun san Kano ba a zaman dama-dama-dama. Mai waldar ya ja layi da alli a kan fendar, daidai kan gurbin gudumar nan. Ya jona injin yanka, yana ta kallona, ni kuma ina ta danna waya kamar mai wani aiki.

Ku da kuka san shi, in ce ya yanka, ko in ce ya goge allin?