Da Wa Kake Cin Abinci?

Kafin in zama ɗan damfara, maɓalli nake ɗinkawa a shagon kawuna tela a Fagge. Babana ya rasu, Inna ta koma garinsu, ni ina shekara sha biyar. Lokacin kuɗin fetur ya shigo gari, kowa da sabon babur. Na fara da satar zare don kuɗin silima, daga nan sai yadin mutane.

Da na kama ramewa, Kawu ya kai ni wani ɗan asibiti a Sabon Gari. Wata nas Bayarabiya, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari, ta gama auna ni, sai ta shiga tambaya.

"Kana samun barci? Su wa kake yawo da su?"

Na ce, "Lafiya lau."

"Da wa kake cin abinci?"

Kawu ya kwashe da dariya. "Sista, yaro muka kawo awo ko tuwo?"

Ta ce ya ɗan jira a waje, ta sake tambayata. Gaskiyar magana, wata shida ni kaɗai nake ci, a tsaye, a bayan shago. To amma yaya zan tona asirin gidanmu gaban baƙuwa? Na ce, "Lafiya lau." Ta ce, "Ka dawo Laraba, kai kaɗai." Ban koma ba.

Tambayar kuwa ta ƙi barina. Me abinci zai gaya mata? Na yi ta juyawa har na gano, sai dai a karkace. A tasha, in na ga baƙo da jaka, sai in ce, "Alhaji, sannu da hanya. Wa ka sani a Kano? Ina za ka ci abinci?" Wanda ya yi shiru, ba shi da kowa ke nan, wannan nawa ne. Da tambayar nan na damfari mutane a Jos, Ikko, har Yamai. Ita kuma ta kai ni kurkuku, shekara huɗu. Ku ji abin dariya, a can na fara sa hannu kwano ɗaya da mutane.

Na fito na tuba, na roƙi gafarar waɗanda na iya samu. Na koma neman Sista, na tarar asibitin ya zama shagon taya.

Samari, in an yi muku irin tambayar nan, kada ku ce lafiya lau. Ku faɗi gaskiya, ku koma ranar Laraba. Ku kuma manya, ku riga irina tambayar yaranku.