Muryoyin da Tsohuwa Take Ji

Shekara ashirin da bakwai kawuna ya yi yana kula da injin watsa shirye-shirye na wani ƙaramin gidan rediyo, ba a taɓa jin muryarsa a iska ba. Ɗakin aikinsa yana can baya, gindin doguwar eriya. Ba kowa a ciki sai shi da fankoki biyu masu gurnani, da allurorin awo da yake zuba wa ido kamar mai jinya.

Yakan ce mana, "In inji da eriya ba su daidaita ba, ƙarfin da ka tura ba ya fita duka. Rabi ya dawo ya zama zafi, wani kuma ya bi inda ba a aike shi ba."

Da aka kawo sabon manaja, sai ya sayo babbar amfilifaya mai ƙara wa injin ƙarfi, ya ce a ƙure ta don a ji su nesa. Kawu ya ce eriyar ba za ta ɗauka ba.

"Baba, tsoro ne ko tsufa?" in ji manaja, aka yi dariya.

Kawu ya ƙure ta.

Bayan wata uku ya ji cewa mahaifiyar telan da ke maƙwabtaka da gidan rediyon ta samu taɓin hankali. Muryoyi take ji, har an rufe ta a ɗaki. Ya je dubiya. Ya same ta a kan tabarma, ta rame.

"Ɗan nan," ta ce, "kullum da safe sai sun lissafo mini matattu."

Ta fara jero sunaye. Nan take Kawu ya gane: sanarwar rasuwar da gidan rediyonsu ya karanta da safiyar nan ce, ɗaya bayan ɗaya. Ya lura da na'urar ƙara ji a kunnenta.

"Inna, ara mini abin kunnen nan."

Ya saka a nasa, sai ga muryar mai karanta labaransu, siririya amma tar.

Bai nemi izinin kowa ba. Ya koma ya rage ƙarfin injin, ya yini yana daidaita shi da eriya har allurar da ke nuna ƙarfin da ke dawowa ta kwanta, ya sa matata a bakin wayar eriya don kada ƙarfin ya bi inda ba a aike shi ba. Washegari tsohuwa ba ta ji komai ba sai kukan jikanta.

Manaja ya rubuta masa takardar tuhuma. Kawu ya amsa da layi biyu, ya ajiye aiki a ƙarshen watan.

Tela ya zo godiya, Kawu ya kasa haɗa ido da shi.

"Kada ka gode mini," ya ce. "Tun ranar farko na ga allurar ta tashi, na kau da kai."

Kowane mako yakan je gaishe da tsohuwar, ya canza mata batir, har ta rasu bayan shekara biyu, da hankalinta, a tsakiyar 'ya'yanta.